Dan Allah masana tsofaffin kwandaloli ku duba min, kuskuren bugu ne ko lalacewa ce kawai?

Dan_ShariMansur:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah wanda ya san harkar tsofaffin kwandaloli ya taimaka min da bayani don abin ya fara ɗaure min kai. Akwai wani gwangwanin alawa da kakanmu Allah ya jiƙansa ya bari a nan Makka, cike yake da tsabar kuɗi, wasu na nan Saudiyya wasu na gida tun na zamanin Turawa masu huji a tsakiya, wasu ma bansan na wace ƙasa bane. Shekara da shekaru yana ƙarƙashin gado ba mai kula shi, sai yanzu da ƙanina ya fara kallon bidiyoyin TikTok ɗin nan da ake cewa kwandala mai kuskure ana sayenta riyal dubu 30 dubu 50, shine ya zazzage shi a tsakar ɗaki muka zauna muna tona.

Abinda yafi ɗaukar min hankali rubu'in riyal ne guda biyu, dukkansu da sunan Sarki Faisal, dukkansu 1392, girma ɗaya komai ɗaya, amma ɗaya an rubuta خمسة وعشرون هللة ɗayan kuma خمس وعشرون هللة, wato ɗaya da ta'un nan ta ƙarshe ɗaya babu. Sai wani nus riyal da rubutunsa yake kamar an buga sau biyu, in ka karkata shi a haske zakaga inuwa a gefen haruffan. Sai halala 10 da gefenta ya gutsure. Akwai riyal na azurfa 1354, akwai wata ƙatuwar azurfa mai hoton wata mata an rubuta 1780, akwai girshi da aka doka wa lamba ٦٥ a tsakiya, sai kwabbai masu huji da yawa.

Toh a cikin nan wanne ne kuskuren da ake magana? Na leƙa Haraj naga irin rubu'in nan wani ya saka riyal dubu 15, wani a ƙasansa kaɗan ya saka riyal 20, wanne zan ɗauka? Kuma in mutum zai sayar ina ake kaiwa kar a yi masa wayo. Nagode.

Kawu_AlBalad:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan tsoho ya kyautata namu zuwan. Kafin komai dan Allah kar ku wanke ko ɗaya. Ba lemon tsami, ba Pepsi, ba toka, ba soson waya. Wannan baƙin da kuke gani kuna ƙyama masu saye shi suke so, da an goge kwandala tayi ƙyalli shikenan an kashe mata kasuwa, kuma ba a gyara wa.

Bari in fara da yadda ake bugawa don in ka gane wannan sauran duk zaka iya yi wa kanka alƙalanci. Faifan ƙarfe ake yankowa fili babu rubutu, a sa shi tsakanin hatimi biyu na baƙin ƙarfe mai tauri, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da wani zobe da yake riƙe gefen kar ya baje, inji ya doka ta fito. Hatimi ɗaya sai ya buga dubun dubata kafin ya gaji a cire shi. To daga nan kuskure ya rabu gida biyu kuma mutane suna cakuɗa su. Akwai wanda yake a jikin hatimin kansa, ko mai sassaƙa ya rubuta ba daidai ba ko hatimin ya tsage ko an haɗa hatimin wata kwandala da na wata, wannan duk abinda ya buga iri ɗaya sak zai fito, shi ya sa ake iya sa shi a kundi a ba shi lamba har mutane su rinƙa nemansa da suna. Akwai kuma wanda ya faru a lokacin bugun, faifan ya goce ya zama rabi ne kawai ya samu rubutu, ko an yanko shi da giɓi, ko faifan wata kwandala ya faɗo injin, wannan kowacce da kamanninta. Sai na uku wanda ba kuskure bane sam, lalacewa ce bayan ta fito kasuwa, mota ta taka, yaro ya doka da dutse, gumi ya ci, kuma wlh mafi yawan abinda ake kawo min a naɗe a tishu ana rawar jiki wannan na ukun ne.

Rubu'inka na 1392 kuskure ne na gaske, na jikin hatimi. Halala a Larabci mace ce, don haka a nahawu خمس وعشرون ya kamata, sai aka fara bugawa da ta'un, daga baya aka gyara aka cigaba da bugawa a kan shekarar nan dai 1392, wato 1972. Manyan kundayen kwandaloli sun ba su lamba daban daban. Idonka ya gani daidai kuma na yaba maka. Amma fa ka zauna da kyau, an buga mai kuskuren da yawan gaske kafin a farga, ta shiga bakala ta shiga hannun alhazai ta tafi duniya, kusan duk mai tsohon gwangwani irin naku in ya tona zai samu. Wadda ta sha hannu irin taka kuɗin shawarma da shayi ce, na riyal 20 ɗin nan shi ma ya ɗan sa rai. Wadda take ɗan motsawa itace fil wadda bata taɓa shiga aljihu ba. Mai dubu 15 kuwa sa farashi ba a biyan haraji a kansa, ka tambaye shi wa ya taɓa taya masa.

Ka kwatanta da wadda ta yi suna a Amurka, senti ɗaya na 1955 da aka buga a Filadelfiya. Shi hatimin nasu ba da hannu ake sassaƙa shi ba, wani uban hatimi ne ake dannawa a kansa fiye da sau ɗaya, to a wannan karon da aka zo dannawa na biyu sai ya ɗan juya, shekarar da rubutun suka fito biyu biyu ɓaro ɓaro ko ba madubi zaka gani. Hatimi ɗaya tal, a aikin dare ɗaya, kuma wajen dubu 20 zuwa 24 ne suka fita don sun riga sun gauraya da miliyoyin masu kyau aka ga ba za a narka duka saboda su ba. Da yawa ma a cikin kwalin taba aka same su, lokacin injin sayar da taba baya bada canji sai a cusa senti biyu a cikin ledar kwalin. Yau ko wadda ta sha hannu ta wuce dala dubu. Dubu ashirin ba kaɗan bane in ka duba, amma masu tara kuɗin Amurka sun ninka haka nesa ba kusa ba kuma kowa yana da gurbinta a littafinsa. Mu namu rubu'in kayan sun fi masu nema yawa.

Ita kuma matar 1780 liyari ce, Mariya Tiriza sarauniyar Ostiriya, Larabawan nan suna ce mata riyal faransi. 1780 shekarar da ta rasu ce aka tsayar da ita a jiki har yau, don 'yan kasuwar Yaman da Habasha da Hijaz basa karɓar wadda aka canza wa komai. An buga ta a Biyana, an buga a Rum da Landan da Faris da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi, duk 1780. Giram 28 ce da ɗan ɗoriya, azurfarta kashi 83 cikin ɗari, in ta gaske ce kuɗin azurfarta zaka samu da ɗan abinda ba a rasa ba. Haka riyal 1354 ɗinka, giram 11.66 daidai da rufin Indiya, an cigaba da buga shi da wannan shekarar har cikin yaƙin duniya na biyu, Filadelfiyar nan ma ta buga wa Sarki Abdul'aziz shi da yawa. Shekarar da ke jiki ba lallai itace shekarar bugu ba.

UmmuSadiq_Jidda:

Kawu sannu da ƙoƙari, mun ƙaru wlh. Ni liyari na santa tun ina yarinya, iyayenmu mata a wuya suke sa ta, a kai wa maƙeri ya liƙa mata kunne a zura a tsakiya ko a jera ta a sarƙar amarya. Yaro ka duba saman taku da kyau ko akwai tabon inda aka taɓa liƙa kunnen aka cire, don ni da na kai ta mahaifiyata wajen masu gwal a Balad mutumin ko kallon hoton bai yi ba, kan sikeli ya ɗora ta ya danna kalkuleta ya faɗi kuɗi, na ce ai tsohuwa ce ta tarihi yayi dariya ya jawo durowa ya nuna min irinta sun fi cikin tafi biyu. Na ce albarka na dawo da abata gida.

Amma ni abinda yake min ƙaiƙayi daban ne, rubu'in riyal a sayar da shi riyal 20 ba riba a ciki? Kuɗi da kuɗi ne fa. Abinda na ji daga malamai shine in an daina ciniki da kuɗin ya zama kaya kamar kowane kaya, amma na azurfa da zinariya dole hannu da hannu ba bashi. Duk da haka ka tambayi malami tukuna, kuma ka tuna gwangwanin nan gado ne, ba naka kai da ƙaninka kaɗai bane, kar a je a sayar a zo ana kallon kallo a gida.

Injiniya_Riyad:

Salam. Kawu ya gama magana a kan rubu'in, ni bari in ɗauki nus riyal ɗin da halala 10 tunda su bai taɓo ba.

Rubutu mai inuwa iri biyu ne kuma a nan ake yi wa sababbin shiga sakiyar da ba ruwa. Ka samo madubin nan na masu gyaran agogo ko jawwal, mai ninki goma ya isa, ka kalli harafi ɗaya a hasken rana ba fitila ba. In na biyun a kwance yake shafal kamar matakalar bene, kuma ya cinye wani ɓangare na asalin harafin har harafin ya sirance, to wannan girgizar inji ce, hatimin ne yayi ɗan tsalle bayan ya doka ya kankare gefen rubutun. Yana faruwa kullum a kowace ma'aikata, ba a ƙara ko halala a kansa. In kuwa na jikin hatimi ne zakaga duka biyun a tashe suke da ƙumbo, harafin ya ƙara kauri, bakin harafin ya rabu biyu da ɗan tsagi a tsakani. Kuma tunda a hatimi yake dole akwai 'yan uwanta a duniya masu abin a wuri ɗaya sak, in ka bincika ba wanda ya taɓa ganin irinta to ka fara zargin idonka.

Mai gutsurarren gefe kuma ga gwajinta. In tun wajen yanka faifan aka samu giɓin, wato wuƙar injin ta hau kan inda aka riga aka huda, giɓin zai zama lanƙwasa mai santsi, rubutun da ke kusa da shi yana narkewa a hankali zuwa bakin, sannan ka duba gefen da ke fuskantarsa ta ɗaya ɓangaren zakaga bakin kwandalar bai tashi sosai ba a nan. Wannan alamar ta ƙarshe mai zarto baya iya ƙirƙirarta. In kuwa ka ga baki mai kaifi da sawun goga da ƙarfe ya tattaru, wani ne ya yanka da filaya.

Kayan aiki uku ne kawai, madubi, mayen ƙarfe, da ƙaramin sikelin masu gwal. Misali sentin Amurka na 1943 da 'yan TikTok basa gajiya da shi. A shekarar da baƙin ƙarfe aka buga senti aka shafe shi da tutiya saboda jan ƙarfe ya tafi yaƙi, sai 'yan faifan tagulla da suka maƙale a kwandon injin daga bara suka bi layi aka buga su. Waɗanda aka sani basu wuce ashirin da 'yan kai ba, na Denba guda ɗaya ne tal kuma an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Tun daga lokacin da labarin ya bazu ake shafa wa na ƙarfen jan ruwa, ko a kankare 8 ɗin 1948 ta koma 3. Mayen ƙarfe yana kama na farko nan take, na gaske giram 3.11 ne na ƙarfe 2.7. Mu ma nan an fara, sabon riyal da riyal biyu na Sarki Salman da suka fito 2016 masu ƙarfe kala biyu, zakaga an saka hoto tsakiyar ta goce ko an juya ta wai kuskure ne nadir, alhali da guduma da soket ake fitar da tsakiyar a mayar.

Inda zan ɗan saɓa da Kawu, yana magana kamar in kuskure yayi yawa shikenan ya mutu. Ba kullum ba. Fens 20 na Ingila na 2008 da ya fito babu shekara, saboda an mayar da shekarar daga baya zuwa gaba sai aka haɗa tsohon hatimin gaba da sabon na baya duka biyun ba shekara, ma'aikatar da kanta ta ce zai iya kai kusan dubu 250, amma har yau ana ba da wajen fam 50 a kansa. Don jaridu sun yayata shi kowa ya sani. Rubu'in 1392 in aka samu fil a jera biyun tare mai ta'u da marar ta'u, ni ina ganin gaba zai yi daraja don yaran Saudiyya sun fara shiga harkar sosai.

Batun inda ake kaiwa, in ka shigo Riyad ka je Suƙ Zal a Dira ka tsaya wajen gwanjo kayi shiru ka ga nawa ake sallamawa, wannan shine farashi ba abinda aka rubuta a talla ba. Kamfanonin da suke tantancewa su rufe a roba irin su NGC da PCGS suna nan, maki 1 zuwa 70 suke bayarwa, amma kuɗin aikawa da na aikin ya fi ƙarfin duk abinda ka lissafa.

DanMaiWurno:

Salamu alaikum, ni daga Sudan nake amma yanzu ina Jidda tun da yaƙin nan ya tashe mu. Ina karanta ku ina murmushi don ku kuna neman ta'u ɗaya da madubi, mu kuɗinmu na da in ka samu biyu iri ɗaya sak shine abin mamaki.

Zamanin Mahadiyya, Mahadi ya fara buga kuɗi a 1885 yana kwaikwayon fam ɗin zinariya na Masar da majidin Turkawa, bayansa Halifa Abdullahi ya cigaba a Omdurman har zuwa yaƙin Karari a 1898. Da hannu ake sassaƙa hatimin, ya fashe a sassaƙa wani, kowane maƙeri da hannunsa, wani ganyen da ke kewaye ya fi na wani yawa, wani taurari wani babu, shekarar hijira da shekarar mulki wani lokaci basa ma haɗuwa. A cikin tugra zakaga an rubuta مقبول wasu kuma عملة جديدة. Kuma riyal ɗin da ya fara da azurfa mai kyau a hankali aka rinƙa ƙara masa jan ƙarfe har na ƙarshe ƙarshen ya zama jan ƙarfe ne da ɗan wankin azurfa a sama, mutane suka ƙi shi aka tilasta musu karɓa. Haka na Sarkin Darfur Ali Dinar da ake bugawa a Fashir kafin Ingilishi su kashe shi a 1916, sirara ne rubutun rabi ya fito rabi bai fito ba. To a irin waɗannan in kace duk bambanci kuskure ne mai tsada ai kowacce ta zama mai tsada kenan. Masu sanin abin shekara suke bi da nau'in ado da yawan azurfar, gocewar bugu kuwa ba a ma maganarta don haka aka saba. Kuskure yana daraja ne a inda inji yake fitar da miliyan iri ɗaya kuma akwai mai duba yana tsince marasa kyau.

Kwabbanku masu huji kuwa har garinmu akwai su a gidaje. Kakanninmu da suka taso bayan Burmi a 1903 da waɗanda suka biyo su a ƙafa shekaru da yawa bayan nan, ta Fort Lami da El Obeid har Sawakin, a zare suke zura su su ɗaura a ƙugu, ba sa kashuwa a hanya amma ba a yarwa. Inaga haka na kakanku suka iso Makka. Shawara ɗaya ɗan uwa, dokar ƙasar nan abinda ya kai shekara 100 kayan tarihi ne, kar ka zuba irin waɗannan a jaka ka nufi filin jirgi ba ka tambaya ba.

Dan_ShariMansur:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu bayani haka ba. Hajiya maganar gado gaskiya ce, na faɗa wa Baffa ya ce a bari sai an haɗu. Injiniya na karɓi madubi wajen mai gyaran jawwal na layinmu, nus riyal ɗin a kwance inuwar take shafal yadda ka faɗa, ƙanina har yanzu yana musu amma ni na haƙura. Halala 10 ɗin ma akwai sawun goga. Riyal 1354 na kai an auna 11.6 ya bayar, liyarin kuma da tabon kunne a samanta.

Saura biyu Kawu. Girshin mai ٦٥ ba wanda ya ce komai a kansa. Sannan cikin kwabban akwai na 1936 da aka rubuta EDWARDVS VIII, ƙanina yace wai sarkin da ya sauka ne saboda mace kuma kuɗinsa babu su a duniya, sauran 1940 da wani abu ne da 1952, biyu kuma 1956.

Kawu_AlBalad:

Injiniya na karɓi gyara a kan na Ingila, amma rubu'in nan dai ni da kai muna nan, in yayi tsada ka zo Balad shayinka a kaina.

Ɗana, ƙaninka ya ji ƙarshen labari bai ji farkonsa ba. Gaskiya ne Edward na takwas daga Janairu zuwa Disambar 1936 kawai yayi ya sauka, kuma a Ingila kuɗinsa basu fita kasuwa ba, 'yan gwajin da suka tsira sune masu tsadar hauka. Amma namu na Afirka ta Yamma tunda huji ne a tsakiya ba a buƙatar hoton kansa, suna kawai aka canza aka buga, kwabo da ɗari da anini, miliyoyi. Gabashin Afirka da Fiji da Niyu Gini suma sun buga. Duk mai sayar da tsofaffin kuɗi yana da shi a kwano. Ka ajiye don tarihi.

Amma tunda ka ce akwai 1936 da 1956 to yanzu ka zo inda ake neman abu. Kwabban nan a Birmingham ake buga mafi yawansu, kamfanoni biyu, ka duba kusa da hujin zakaga ɗan mitsitsin harafi, H na Heaton ne KN na King's Norton, wanda ba harafi na ma'aikatar gwamnati ne a Landan. Shi Heaton yana buga wa ƙasashe da yawa a lokaci ɗaya kuma hatiman girmansu ɗaya, sai a ɗauko na gaba daga wani wuri na baya daga wani wuri, masu harkar alfadari suke ce wa irin wannan. Akwai na 1936 mai H da gefen tauraron namu ne, an rubuta BRITISH WEST AFRICA, amma ka juya gefen kambin sarauta sai ka ga na senti 10 na Gabashin Afirka ne, babu rubutun Larabcin nan da ke ƙasan hujin kwabonmu. Wannan kam yana da wuyar samu. Sai na 1956, a shekarar Sarauniya Elizabeth ce a kan gado don babanta George na shida ya rasu tun Fabrairun 1952, don haka QUEEN ELIZABETH THE SECOND ya kamata ka gani. In ka juya ka ga GEORGIVS SEXTVS REX a kwabon 1956 to tsohon hatimi aka ɗauko, shima yana cikin kundi da lambarsa. Ba kuɗin gina gida bane amma ya fi duk abinda ke gwangwanin in ka cire azurfa.

Girshin ٦٥ kuma ba kuskure bane, da gangan aka doka. 65 ɗin 1365 ce, wato 1946. 'Yan canji ne suka rinƙa ɓoye ƙananan kuɗi suna juya farashin fakka yadda suka ga dama, sai hukuma ta doka wannan lambar a kan girshi da rabinsa da rubu'insa don ta karya su. Ana nemansa fiye da wanda ba lamba, kuma nan matsalar take, don sassaƙa ٦٥ a kan ƙusa aikin yini ɗaya ne, an daɗe ana doka wa tsofaffin girshi sabuwar lamba, kamar yadda aka cika kasuwa da liyari masu tambarin الحجاز da نجد na jabu. Naka tunda daga gwangwanin tsoho ya fito ina kyautata zato. Ka duba cikin ramin lambar, dattin da launin su zama ɗaya da na sauran jikin, bakin ramin ya zama ya sha hannu ya lafa ba kaifi, sannan ka juya bayanta daidai inda aka doka zakaga wurin ya ɗan baje, shima ya zama ya tsufa tare da sauran ba sabon ƙyalli ba.

Ka ɗora ta a farar takarda kusa da taga ka kashe filashi ka ɗauko gaba da baya, haka kwabban 1956 ɗin guda biyu da na 1936, gefen kambin nake son gani kusa kusa yadda harafin zai fito.